Ɗigo Uku a Kan Ƙarfe

Agiye, ranar Laraba da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Mushe mijinki da duk mutanen gidansu. Allah Ya tsare ki a ɗakinki, Ya sa ruwan Gidan Rumji ya karɓe ki, Ya raba ki da sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Mu nan lafiya lau muke. Innarki na gaishe ki, ta ce kar in cika ki da surutu, na ce mata ai ba ita za ta karanta ba.

Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan ke da Innarki kun gama shi a salula tun kafin in sami biro. Kwalin da direba zai miƙa miki tare da takardar nan shi ne dalilin rubutun. In kin buɗe za ki ga ɗan injinki na walda. Ranar da za a kai ki, an loda gado da katifa da kwanuka har da turmi, Innarki ta ce miki, "Injin hwa?" Kika ce, "A bar wa Baba, ni na daina." Ina zaure, na ji ki sarai. Na san abin da ya sa kika daina, kin kuma san na sani, zan zo wurin. Amma ki bar ni in biyo ta doguwar hanya, don maganar tana yi mini nauyi. Shekara huɗu muna aiki a tebur ɗaya, kullum ina yi miki gyara kamar da sanin aikin aka haife ni. To yau ki ji yadda ubanki ya koya, ki yi dariyarki ki more, ba na wurin balle in harare ki.

Kin tashi kin iske ni ina gyaran rediyo da tocila a bakin kasuwa. Fiye da shekara ashirin ina wannan, dalma da ƙarfen narka ta su ne dukan ilimina, kuma ina ji da kaina. Da salula ta shigo ta kashe mana kasuwa, sai na koma ina wuni ina korar ƙuda. Ana haka wata ranar kasuwar Cadawa na ga wani mutum da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, irin wanda ake haɗawa da batir da fanno, farantin nan na hasken rana. Na roƙe shi ya buɗe mini. Na leƙa na ga ba kome a ciki sai siririyar waya mai ɗaukar zafi, da ƴar fanka, da abin da ke yanke wuta in zafi ya kai. Na ce a raina, wannan ne ake ta zuzutawa? Tun a mota na gama ƙera nawa a kai.

Na haɗa akwatin katako, na ciro wayar zafi daga wani tsohon risho na lantarki. Saura in manne bakinta a jikin ƴan ƙarafan da wuta ke biyowa. Na ɗauko dalmata da ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na narka, ta dunƙule ta gangare kamar ruwa a bayan kwano mai maiƙo. Na sake, ta sake. Mako guda ina wannan, na canza dalma sau uku, na zagi masu sayar da ita na ce sun koma kawo jabu. Daga ƙarshe na murɗa wayar a jikin kusa na ɗaure tamau, na ce ai shi ke nan. Na lallashi Innarki ta ba ni ƙwan kajinta talatin. Kwana goma abu na tafiya daidai, ina shiga ina fita ina hura hanci. A na goma sha ɗaya wurin murɗin ya yi baƙi, ya saki, akwati ya huce. Innarki ta dubi ƙwan, ta dube ni, ta ce, "Malam, in ka ƙare karatunka da nawa, saura ka je ka gwada na maƙwabta."

Abin haushin shi ne, Hamisu mai lantarkin mota yana nan shago biyu tsakanina da shi, ya kuma san amsar. Ban tambaye shi ba don na girme shi da shekara goma sha biyar, a gabana ya zo garin nan. Sai da ƙwai talatin suka ruɓe sannan na je, ina ta kewaye-kewaye wai wani abokina ne ke da matsala. Ya yi murmushi ya ce, "Baba Iro, ka gaya wa abokin naka wannan waya ba ta shan dalma. Ko ta sha, zahinta zai narka ta. Matse ta ake da ƙarhe a ba ta wuta ƙyas ɗaya, su narke su zama abu guda." Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba. To Uwata, kin je garin da ba ki san kowa ba. In abu ya shige miki duhu ki tambaya, ko wanda ya sani ɗin bai kai ki shekaru ba, ko bai yi lakol ba, wato karatun boko. Ki tambaya da sunanki, ban da wani abokina. Mutane sun fi saurin gane wannan ƙaryar fiye da yadda muke tsammani.

Da na ji ana bukatar wuta, sai na kwashi wayata na kai wa mai waldar ƙofofi. Ya ce ba za ta yi ba, na ce ya dai gwada. Ya taɓa ta da sandarsa, muka ɗaga kai muna neman inda wayar ta shiga. Daga nan ne na ƙera wancan injin na farko da kika iske, mai batirin mota da maɓallin odar mota a ƙarƙashin ƙafa, da bakuna biyu na jan ƙarfe da na fiƙe da magagari. Ina alfahari da shi har yau, amma ya wahalar da ni. Nakan taka maɓallin in riƙe, don a tunanina in wuta ta daɗe ta fi kamawa. Waya ta yi ja, ta tsinke, ta bar baƙin tabo. Maimakon in ce ƙafata ce ke da nauyi, sai na ce batirin ne ba ƙarfi, na ƙaro na biyu. Tabon nan na babban yatsana da na ce muku butar shayi ce ta ƙona ni, to ba shayi ba ne.

Abin da na ɗauki wata shida ban gane ba ke nan: ƙarfe mai kauri ne, yana son zafi kafin ya motsa, ita kuwa wayar ba ta fi gashin wutsiyar doki ba, zafi kaɗan ya ishe ta. Biyun nan kike son haɗawa a ƙiftawar ido ɗaya. Don haka matsi ne babba, wuta na biye. Ki danna bakin jan ƙarfen sosai kafin ki ba da wuta, in ta wuce kuma kar ki ɗaga nan take, ki bari ki ja numfashi ɗaya. Wanda ya danna da sanyin jiki shi ke samun tartsatsi, tartsatsi kuma ba alamar aiki ba ne, ƙarfenki ne ke tashi sama. Ki fara daga ƙaramar wuta ki riƙa hawa, kar ki fara daga babba kina saukowa, don wayar da ta ƙone ba ta dawowa. Na san Innarki za ta ce wannan duk wa'azin zaman aure ne na ɓoye a cikin walda. Wallahi walda nake nufi, wa'azin aure ita ta yi miki shi, kuma ta fi ni iyawa.

Kin san duk wannan, kin ma fi ni sani, shi ya sa nake jin nauyin rubuta shi. Ke ce kika ga ɗan allon nan mai lambobi a salula, wanda ke yanke wuta da kansa ba sai ƙafa ta yi shawara ba. Kika nuna mini, na ce kayan wasan yara ne. Wata biyu ina ce masa haka. Kika sa aka sayo miki shi a kasuwar Maraɗi da kuɗin zabbinki, kika haɗa shi da batir da hannunki, kika zauna da guntayen ƙarfe kwana uku kina gwada lamba bayan lamba kina rubutawa a bayan tsohon littafinki na lakol. A rana ta huɗu kika ajiye mini ƙarfe a gaba. Ɗigo uku ƙanana a jere, farare tas, ga ƴar lanƙwasa kin bar wa wayar kusa da su don in ta yi zafi ta sami wurin miƙewa. Ni kuwa tun farko ɗigo biyu nake yi, manya, da wuta mai yawa, har gefensu ya yi shuɗi. Na sa awartaki na ja naki da ƙarfina ina so ya saki, bai saki ba. Kin tuna abin da na ce? Na ce, "Ba laifi." Abin da ya kamata in ce shi ne, yarinyar nan ta wuce ni. Na ji daɗi ranar har na kasa cin tuwo da kyau, amma ban faɗa ba. Ke kar ki gaji wannan hali. In wani ya yi abu mai kyau a gabanki, ki faɗa masa yana tsaye.

Akwai wata wautar da ba ki gani ba, don kina lakol lokacin. Na sami guntayen kwanon rufi kyauta wurin masu gini, na ce ga ƙarfe ya samu. Na yanka na riƙa manna waya a kai. Farin hayaƙi na tashi ina shaƙa, na wuni da ciwon kai da zazzaɓi, har Innarki ta dafa mini ganyen dogon yaro. Waldar kuma in ka duba kamar ta kama, in ka sa farce sai ta ɓare, ashe a kan farin shafen kwanon ta zauna, ba ta kai ga ƙarfen ba. Akwati biyu na bi har Gazawa a kan babur na karɓo, na ce wa masu su akwai ɗan abin da na manta. Ki nemi baƙin ƙarfe zalla. Ki goge wurin da magagari sai ya yi haske, ba tsatsa ba fenti. In kin goge kar ki sake taɓa shi da yatsa, balle yanzu da za ki riƙa tasowa daga madafa da man gyaɗa a hannu. Bakunan jan ƙarfen su ma suna son magagari, in suka yi baƙi sai su riƙa maƙalewa a jikin waya su fizge ta.

Kuma kullum kafin ki taɓa aikin mutane, ki gwada a kan guntu. Batir ba ya kwana da halin da ya wuni da shi, lambar da ta yi jiya ba dole ta yi yau ba. Ki manna, ki sa awartaki ki ja. In wayar ta ɓare ta bar ƙarfe sumul, ƙarya ce, ki ƙara lamba ɗaya. In ta tsinke can gefe ta bar ɗigonta a manne, kin samu. Guntu ake ja haka, ba aikin da aka gama ba. Ki riƙe wannan magana ta ƙarshe, za ki ga dalilinta a gaba.

Sai maganar awarwaro. Na ga kayan da aka loda miki, na kuma san amarya ba ta son hannu fayau. Ni zoben azurfa ɗaya gare ni, na gadon mahaifina, wata rana ina ɗaure kan batir zoben ya haɗa ƙarfe biyu. Kafin in ce wayyo ya yi zafin da na tsoma hannun duka a randar ruwan sha, Innarki na faɗa wai na ɓata mata ruwa. Batirin mota ba ya jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa ake raina shi, amma yana narka ƙarfe. Ki tuɓe awarwaro da zobe ki ajiye a kwano kafin ki zauna. Mayafan nan masu santsi na lefe ki bar su don zuwa suna, tartsatsi ɗaya ke narka su a jikin fata, ki sa atamfa. Ki sa tabaran da na saka miki a kwalin ko da Mushe zai yi miki dariya. Batirin kuma ki ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da murhu.

To, na gama kewayawa.

Kin tuna Gwaggo Dije ta Sae Sabuwa, tsohuwar nan da iyayenta suka bar bin shanu suka zauna noma, mai garken zabbin da ke ɗauke mata hidimar jikokinta uku marayu. Da damina ta ce mu yi mata akwati mai cin ƙwai sittin. Ke kika yi waldar bakunan wayar duka biyu, kika bar shi kwana biyu yana aiki da ma'aunin zafi a ciki, yadda muke yi. Ɗanta Bello ya zo ya ɗaure shi a babur ya tafi. Bayan mako uku da ƴan kwanaki sai ga su sun dawo, ranar kasuwa, shago cike da mutane. Ta sauko ta sa aka dire akwatin a gabana, ta ce, "Iro, ga kayanka. Kwana ashirin da ɗaya ina juya su sahe da marece, saura mako guda. Na taho na iske shi sanyi ƙalau." Ta fasa ƙwai ɗaya a ƙasa, muka ga ɗan zabo da gashinsa da ƙafafunsa, a mace. Ba ta ɗaga murya ba, da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na leƙa na ga waya ta tsinke daidai bakin walda. Kunya ta rufe ni, mutane na kallo, sai na juyo kanki. Ba zan rage kome daga abin da na faɗa ba. Na ce, "Ga aikinki nan. Da ma an gaya mini hannun mace ba na wannan ba ne, ni ne ban ji ba. Tashi ki koma madahi." A gaban Hamisu, a gaban masu sayen batir, a gaban mijin da za ki aura, don yana tsaye a bakin ƙofa ya zo gaishe ni. Kika ajiye hantsakin da ke hannunki a hankali, kika gyara masa zama a kan tebur, kika shiga gida. Ba ki sake zama a kujerar nan ba.

Bayan kwana uku na jawo akwatin don in ciro abin da zai yi amfani. Na kwance ƙarafan biyu, na sa gilashin nan na masu gyaran salula na duba. Na dama, ɗigo uku farare, waya na nan daram. Na hagu, wanda ya tsinke, ɗigo biyu ne manya, gefensu shuɗi.

Nawa ne, Uwata. Ranar da Bello zai zo, kun tafi suna Gazawa ke da Innarki. Ina saka farantin ƙwai, sai na ce bari in gwada aikin yarinyar nan, na sa awartaki na ja wayar da aka riga aka gama, na ja har na tsinke ta. Na ce ƙaramin abu ne. Na zauna a kujerarki, na ga lambar da kika bari, na ce ta yi kaɗan, na ƙara huɗu. Idona ba ya ganin wayar sosai, na lalubo ta na ba ta wuta sau biyu, ban bar mata lanƙwasa ba, ban gwada ba, na rufe na miƙa wa Bello. Wutar ta gasa ta ta yi gautsi, ta yi ta zafi tana hucewa har ta gaji ta karye. Ranar da na yi miki faɗa, ko na manta da wannan ne, ko kuwa na so in manta, har yau ban iya rabewa ba. Amma daga rana ta uku na sani sarai.

Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi na waldar. Wata huɗu na yi da ƙarfen nan a aljihun rigata. Ina ganinki kina wucewa da tsintsiya ta bakin shago ba ki ko waiwaya. Kullum in ce gobe. In kin kawo mini fura in buɗe baki, sai in ji na ce, "An gode." Na ce bari a gama girbi, aka gama. Na ce bari hidimar biki ta wuce, kar in tayar da tsohuwar magana. Gaskiyar ita ce ban san yadda uba ke ce wa ɗiyarsa ya yi mata ƙarya ba, ban taɓa ganin an yi ba. Innarki ce ta tsinci ƙarfen za ta yi wanki, washegarin tafiyarki. Ba ta san walda ba, amma ta san ƙirga biyu da uku, ta kuma sha jin kina tsokanata da ɗigon Baba masu kama da idon mage. Ta ajiye mini shi kusa da kwanon koko ta ce, "Malam, ka bari ɗiyata ta tahi gidan miji da kayan da ba nata ba."

Ran Asabar da ta wuce na hau mota zuwa Cadawa, daga can na hau babur har Sae Sabuwa. Na iske Gwaggo Dije tana sussukar gero. Na nuna mata ƙarfen na gaya mata duk abin da na rubuta miki. Ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta ce, "Mi ya hana ka hwaɗi tun ran nan?" Na ce kunya. Ta ce, "Ni ƙwai na rasa, zabbina na nan, in ruwa ya sauka za su sake yi. Ita ɗiyar hwa, mi ka bar mata?" Na ce zan yi mata sabon akwati kafin damina. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: "Mai ukun nan ta yi mini. Kai ka tsaya ga katako." Da na dawo na bi ta shagon Hamisu na gaya masa, da gangan na ɗaga murya don na kusa su ji. Mushe ma zan gaya masa da bakina ranar da ya zo, tunda da kunnensa ya ji na farkon. In kin ga dama ki ba shi takardar nan ya karanta kafin nan.

Ki yafe mini, Uwata. Sunan mahaifiyata gare ki, bakina bai taɓa iya kiransa ba, sai ga shi bakin nan ya iya ci miki mutunci a bainar jama'a. Na zalunce ki, kuma na ƙara da shiru. Abin da na ce game da hannunki ƙarya ne. A duk ƙasar nan daga Gazawa har inda kike, ban san mai manna siririyar waya kamar ke ba, ni kuwa na ga aikin mutane da yawa. Ba lallashi ba ne, kin san ban iya shi ba.

Nasihar da ke bayan wannan gajeriya ce. Za ki yi kuskure a aiki, kowa na yi, wata rana ƙwan wani zai mutu a akwatinki. In ya faru ki kwance ki duba kafin ki buɗe baki. In naki ne ki faɗa a ranar, a gaban waɗanda suka gani, don yana ƙara nauyi ne kowace safiya. In kuma wani ya ɗora miki laifi, ko da ni ne, ki ce a kawo ƙarfen ki gani da idonki. Da kin ce haka ran nan, da ɗigo biyun nan sun tona ni tun a wurin. Ladabinki ne ya rufa mini asiri, ban kuwa cancanta ba.

Yanzu ga abin da ke cikin kwalin. Akwai injinki da allonsa da hantsakinki, da littafin lambobinki, da tabarau. Batir ne ban sa ba don ya yi nauyi, ki ce Mushe ya nemo miki na mota mai lafiya a nan. A cikin ƙyallen shuɗi akwai ƙarfen nan mai ɗigo biyu, ki duba da idonki, daga nan ki yi abin da kika ga dama da shi. A cikin ledar kuma akwai baƙin ƙarfe guda goma, na yanka na huda na goge, iyakar abin da idona ke iyawa ke nan yanzu, da wayar zafi na auna na naɗe. Biyu na akwatin Gwaggo Dije ne, sauran na mutane huɗu da ke jira, na ce musu mai waldar ta yi aure, su ba ta lokaci. Tun ranar da na ga ƙarfen nan ban sake taka injin ba, ba kuma zan sake ba.

Matan Gidan Rumji ma suna kiwon zabbi, kafin damina biyu za su san ƙofarki, wannan ba na ko shakka. Mushe mutum ne mai hankali, tun kafin a ɗaura ya ce mini ba zai hana ki sana'a ba. Amma ba na tilasta miki. Direban nan yana dawowa Agiye kowace Laraba. Na san ba za ki iya ce mini kin yafe a salula ba, ni ma ba zan iya saurara ba, za mu ɓuge da gaisuwa da tambayar sanyi. Don haka ba sai kin ce kome ba. In ledar ta dawo yadda ta tafi, na fahimta, ba zan kuma ga laifinki ba. In ta dawo da waya a manne, zan sa gilashi in ƙirga.

Allah Ya yi miki albarka, Ya albarkaci hannunki da ɗakinki. Allah Ya kiyaye idonki da yatsunki, Ya tsare ki daga wuta ƙarama da babba, Ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, Ya sa surukanki su zame miki iyaye. Ki gaishe su duka da kyau. Innarki ta ce a gaya miki daddawar da ke ƙasan kwalin tata ce, ba ruwanta da rigimarmu. Ranar Laraba mai zuwa tun da hantsi ina tasha.

Wassalam.

Mahaifinki,
Iro mai rediyo